Goro, Kuloko da Gafakar Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da ranar saukar Hadiza ba, ko na so in manta ma matan unguwarmu ba za su bar ni ba. Hadiza jikata ce, 'yar ɗana na fari. A shekarun nan ne da aka fara shari'a, lokacin da kowane lungu a Daura ya buɗe Islamiyya, 'yan mata suka koma farin hijabi kamar balbelu, saukar Alƙur'ani kuma ta zama biki sosai, har da rumfa da lasifika da mai ɗaukar bidiyo.

Ni badukiya ce, 'yar baduku, matar baduku. A gidanmu maza ke yanka fata su ɗinka, amma gyaran gefe na mata ne, a cikin matan kuma nawa ne. Wanda bai sani ba ya ji: idan an gama ɗinki, gefen fata yakan fito da gashi-gashi, kaushi kamar harshen kyanwa. Sai ki sa aska ki fere shi, ki shafa masa kuloko, baƙin rinin nan da muke jiƙa guntayen ƙarfe mu samu, sannan ki ɗan jiƙa wurin, ki ɗauki dutsen guga ki yi ta murza har ya ɗauki zafi. Zafin nan shi ke kwantar da gashin, gefe ya yi sumul kamar ƙwallon dabino. Wasu da ruwan kasko suke jiƙawa. Ni da harshe nake yi, yadda na ga uwata tana yi. Ruwa yakan yi yawa ya kumbura fata, harshe kuwa ya san daidai. (Mai yatsine fuska ya yatsine. Layar da aka rataya masa yana jariri, haka aka gyara gefenta.)

Saura mako uku a yi sauka na sa babanta ya yanka mini jar fatar akuya ya ɗinka gafaka, jakar Alƙur'ani irin ta malaman da, mai marfi da maratayi. Da Hadiza ta gani sai jikinta ya yi sanyi.

"Iya, don Allah ki bari. Makaranta ta sayo mana jaka iri ɗaya, mai zif. Kowa ita zai rataya."

"Ta roba?"

"Mai kyau ce fa."

"Ke da kakanki ya yi wa rabin malaman garin nan gafaka, za ki sa littafin Allah a irin robar da ake sayo kayan miya?"

"Dariya za a yi mini, Iya. A ce na zo da kayan mutanen da."

"Mutanen da su suka haifi ubanki. Da hannuna zan rataya miki ita a gaban kowa, in ga mai dariya."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Idan yarinyar nan ta tsaya a gaban jama'a ta zaɓi roba ta bar aikin gidanmu, to ni dai na san an yi jana'izar sana'ata ina raye.

Kwana goma ina kan gefen gafakar nan. Ban bar ko matar ɗana Rabi, uwar Hadiza, ta taɓa ba.

Ranar sauka Hadiza ta yi sammako ta tafi da 'yan ajinsu. Na yi wanka, na ɗaura zanena na saƙi, na jefa ɓarin goro a kumatu. Na ɗauko gafaka zan naɗe ke nan, na bi maratayin da babban yatsa, kamar yadda nake yi wa kowane aiki kafin ya bar hannuna. Sai na ji kaushi. Wuri ɗan kaɗan, bai kai tsawon yatsa ba, kuma daidai inda zai kwanta a kafaɗa, inda ko aljani ba zai leƙa ba. Amma ni na ji shi.

Rabi ta leƙo. "Iya, mun makara fa."

"Ku yi gaba, ga ni nan."

Na zauna na fere wurin, na shafa sabon kuloko, na kai harshe, na murza. Bai kwanta ba. Na ƙara shafawa, na ƙara lasa, na ƙara murza. (Alƙur'ani ba ya ciki, kada wani ya jawo mini aya.) Sai a karo na huɗu ya yi yadda nake so.

To ga inda na faɗi. Duk 'yar da ta tashi a gidan dukawa ta san ba a aikin kuloko da goro a baki. Kuloko ba ya kama komai sai abu mai bauri, shi ya sa yake kama fatar da aka jeme da bagaruwa. Goro kuwa bauri ne zalla. Uwata ta sha dungure mini kai a kan wannan, ni ma na sha dungure na wasu. Ranar dai sauri da son a yaba suka shafe mini shi tas. Na ja mayafi na rufe rabin fuska kamar yadda dattijuwa ke yi a hanya, na bi ta wajen rijiyar Kusugu ina ta sauri, duk wanda ya gaishe ni in amsa ta cikin mayafi.

Na isa ana kiran sunaye. Rumfar mata cike, maza can ɗaya gefen. Ina jin an ce Hadiza, ban jira an neme ni ba, na ratsa kujeru na fito fili da gafaka a hammata. Malamarsu, yarinya ce mai ladabi, ta rusuna ta ce, "Ga kakarta nan, bari Iya ta sa albarka." Ta miƙo mini lasifika.

Ni da magana kuwa, an ba kura ajiyar nama. Na sauke mayafi.

Na yi sallama, na yi salati. Na ɗaga gafaka sama na ce su duba da kyau. Na ce aikin hannu ba a gane shi daga ado, daga ƙarshensa ake gane shi. Na ce mace mai tsabta ko a gefen fata ana ganin tsabtarta, ƙazama kuwa ko ta yi wanka da turare sai wani wuri ya tona ta.

Sai na ji dariya ta fara tashi daga layin gaba.

Na ce a raina, to, magana ta shiga. Na gyara tsayuwa. Na ƙara da cewa mu a zamaninmu ba a fita taro sai an duba kai tun daga ɗankwali har ɗan yatsan ƙafa. Dariya ta ƙaru, har wata baƙuwa da ta zo daga Baure ta kife a cinyar ta kusa da ita. Mai bidiyo ya matso da abinsa dab da fuskata, ni kuma na buɗe masa haƙora gaba ɗaya, don a gani a san tsohuwa tana da sauran kyau.

Rabi ce ta rarrafo ta ja gefen zanena. "Iya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Iya, ki duba nan." Ta tura mini ɗan madubin hodarta.

Jama'a, leɓe baƙi ƙirin. Harshe baƙi. Haƙoran nan bakwai da suka rage mini, waɗanda na gama yi wa mai bidiyo baje koli da su, kamar na tauna gawayi. Ga wani layi ya gangaro ta gefen haɓa har wuya. Kai ka ce akuya ce ta faɗa tukunyar rinin baba. Da wannan fuskar na tsaya ina yi wa matan Daura wa'azin tsabta.

Ƙasa ba ta tsage ba, na kuwa roƙe ta. Ƙafafuna suka ce mu gudu. Amma na dubi Hadiza, tana tsaye da jakar robarta a hannu, kai a sunkuye, na san in na juya yanzu gafakar nan ta bi ni gida ke nan har abada.

Na mayar wa Rabi madubinta, na sake kai lasifika.

"Kun gama? To wannan kuloko ne, ba cuta ba ce. A wurin gyara wa jikata maratayi na samo shi. Wadda sana'arta ba ta taɓa ɓata mata jiki ba, ta ci gaba da dariya."

Zan so in ce muku wuri ya yi tsit. Bai yi ba. Ta Baure ma sai da aka ba ta ruwa. Amma malamar ta karɓi gafakar, ta bi maratayin da yatsa tun daga wannan kai har wancan, ta sake bi, ta ce, "Iya, wannan ba a sa masa fenti ba?"

"Dutse ne da haƙuri, 'yar nan."

Hadiza ta ɗago. Idonta ya yi ja, ban sani ba ko kuka ne ko dariyar da ta danne. Ta miƙa wa uwarta jakar roba, ta zare Alƙur'aninta, ta sa a gafaka, ta sunkuyo mini da kai.

"Rataya mini, Iya," ta ce a hankali. "Amma don girman Allah ki ja mayafi kafin a ɗauki hoto."

"Ba zan ja ba."

Ban kuwa ja ba. Hoton yana nan a ɗakin Rabi, Hadiza amaryar sauka da jar gafaka a kafaɗa, kusa da ita wata tsohuwa kamar ta sha tawadar makarantar duka. Kwana uku ina dirzar lemon tsami kafin in koma mutum. Kaset ɗin kuwa ya zaga gidaje, har yau akwai yaran da in sun gan ni sai su leƙa haƙorana kafin su gaishe ni.

Ban tuba da lasar gefe ba, kuma ba zan tuba ba. Abu ɗaya dai na ƙaru da shi a tsufana: in kina magana a taro kika ga mutane suna ta dariya, kada ki yi saurin ƙara murya. Ba kullum ba ne maganar ce ta yi daɗi.