Saita-Kowa da Furen da Ya Ƙi Bin Dama

A benenmu kaf babu wanda aka yi wa baiwar gyara irin Malam Saita-Kowa. Tsohon shugaban sashen horas da ma'aikata ne a wani kamfani, kuma a faɗarsa duk wanda ya zama mutum a can ta hannunsa ya bi. Ya yi ritaya, amma baiwar ta ƙi yi. Shi ke nuna wa mai shara yadda ake riƙe tsintsiya, shi ke tsayawa a matakala yana gyara jerin takalman maƙwabta. Ko gaishe shi ka yi, sai ya amsa sannan ya nuna maka inda ka yi gaggawa. Mu dai sai godiya, don ba kowane bene ke samun irin wannan arziki kyauta ba.

Da lokacin zaɓen shugaban ƙungiyar mazauna bene ya matso, Malam ya fito takara, ya kara da mai kemis na hawan ƙasa. Kujerar ba ta da albashi, aikinta bai wuce canza ƙwan fitila da raba faɗan shanya ba. Amma Malam na son ta kamar ransa, domin tun da ya bar ofis ba wanda ya ƙara miƙewa don ya shigo ɗaki. Abin yana cin sa a rai, kuma a nan kam ni ma yakan ba ni tausayi.

Don ya nuna mana ƙwarewarsa ido da ido, sai ya sayo furen ado mai yaɗo, mai faffaɗan ganye mai sheƙi, irin na ƙasashen da ruwan sama ba ya yankewa. Ya ajiye tukunyar a falo, ya kafa doguwar sanda daga cikinta har silin, ya tara mu.

"Ku dubi wannan halitta," in ji shi, yana nuna furen da biro. "Babu tarbiyya, babu alƙibla. Kafin ranar zaɓe za ku gan shi a silin, ya hau ta hannun dama, bisa tsari. Wanda ya iya da ganye, mutane ba za su gagare shi ba."

Furen dai irin wanda ke naɗe sanda da kansa ne, sai dai ta hagu yake zagayawa, haka aka halicce shi. Malam ya ɗauki wannan a matsayin rashin kunya. Kowace safiya sai ya warware shi, ya naɗa shi ta dama, ya ɗaure da zare. Kafin yamma kan furen ya zame, yana lilo a iska kamar mai neman hanyar gudu. Daga zare aka koma igiyar takalmi, daga nan aka koma waya. Mu da ke maƙwabtaka da su muna jiyo lacca ta bango.

"Ba kai ne na farko ba," yake gaya wa furen. "Na ga masu digiri da suka fi ka taurin kai, yau suna gaishe ni a durƙushe."

Furen bai durƙusa ba, amma ganyensa ya fara zama ruwan ɗorawa. Malam ya yi nazari, ya gano cewa hasken taga ne ke sa masa girman kai, don haka ya ja tukunyar zuwa bayan kabad a matsayin horo. Matarsa, wadda ta daɗe da sanin inda magana ke tsayawa a gidan, ta ce, "Baban yara, ka ƙyale abin nan ya sha iska mana."

"Da a ce da ƙyalewa ake gina ma'aikata, da ban kai inda na kai ba," ya ce.

Zaɓe na ƙaratowa, fure bai wuce ƙugu ba. Mai kemis ya fara tambayar Malam lafiyar furen duk lokacin da suka haɗu a matakala, da wani irin ladabi mai ƙona zuciya. Sai Malam ya yanke shawarar janyo furen daga sama da ƙarfin tsiya. Ya hau kujerar roba da guduma don ya buga ƙusa a silin, kujerar kuwa ba ta taɓa halartar horonsa ba, ta baje ƙafafu. Ƙafar Malam ta karye. Babbar 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta, inda babu matakala.

Matar ta rage ita da fure. Ta kwance wayoyin don suna yaga mata zane in ta wuce. Ta tura tukunyar gindin taga don tana son share bayan kabad. Ruwa kuwa, in ta tuna ta zuba.

Ana gobe zaɓe Malam ya dawo yana dogara sanda, ya buɗe ƙofar falo ya tsaya cak. Fure ya kai silin, kore shar, har ya fara leƙa sandar labule. Ya naɗe sandar daga ƙasa har sama, kowane zagaye ta hagu. Da wani ne, da ya ji kunya. Malam kuwa ya aika a kira masa jama'a.

"Abin da kuke gani shi ne ƙololuwar ilimin horaswa," ya ce. "Sunansa jagoranci daga nesa. Shugaba na gaskiya ba sai yana wuri ba. Da na matsa gefe, kun dai ga sakamako."

Tela na hawa na biyu ya daɗe yana kallon furen, sannan ya juya ga matar. "Yaya, tsakani da Allah, me kika yi masa?"

"Ban yi masa komai ba," ta ce. "Tun ranar da aka ɗauke Baban yara ya fara hawa."

Aka dubi juna, irin kallon mutanen da tunani ɗaya ya faɗo musu a lokaci guda.

Washegari mai kemis ya janye takararsa, ya ce shi bai isa ya kara da wannan ilimi ba. Muka zaɓi Malam Saita-Kowa baki ɗaya, da roƙo guda: ya jagorance mu daidai yadda ya jagoranci furen. Ya karɓa har da ƙwalla. Daga ranar ba mu ƙara gaya masa lokacin taro ba, kuma famfon da ya shekara yana yoyo a tsakar bene ya gyaru a makon.