Yadda Za Ka Hana Kifi Cin Fatsarka a Gaban Surukinka

Surukinka ya aiko ka raka shi fatsa. Kada ka yi saurin murna. Tsohon nan a zamaninsa ba ya dawowa daga kogi sai da mai taya shi ɗauko kaya, yanzu kuwa ido ya yi rauni, hannu yana rawa, suna ne kawai ya rage masa. In ka kuskura ka cika bokiti shi yana zaune da nasa wayam, ka zubar masa da girma a gaban 'yarsa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari da bokiti wayam za ka koma gida.

Mataki na 1: Zaɓi mugun wuri

Ka bar masa inuwa, inda ruwa ya yi zurfi ya kwanta. Kai ka koma mashayar shanu, wurin da ruwan bai kai idon sawu ba. In ya ce, "Matso nan mana," ka sunkuyar da kai ka ce, "A'a Baba, nan ma ya isa." Zai ɗauka kunya ce. Masana sun tabbatar kifi mai hankali ba ya zama inda saniya ke taka shi.

Mataki na 2: Yi wa ƙugiya rowa

Ɗauko tana daga gwangwani, ka juya baya, ka yi ta murza yatsu kamar mai saka zare a allura, sannan ka sake ta cikin ciyawa. Jefa ƙugiyar haka nan. Ka ga ka sami lada biyu, ka ceci tana, ka ceci aure.

Mataki na 3: In kifi ya ci duk da haka

Zai ci. Kifi ba shi da kara. Wanda ya shekara yana roƙonsa ba ya samu, kai da kake gudunsa sai ya biyo ka har mashayar shanu ya haɗiye ƙarfe tsura. Da ka ji sanda ta lanƙwashe, ka fara tari. Jawo zaren a hankali, ka tsoma hannu, ka kwance shi tun yana cikin ruwa. Tarwaɗa ce mai kaurin cinya? Rufe ido, ka yi ta maza. Zai fi maka cire haƙori zafi, na sani.

Tsoho zai waiwayo. "Me ya motsa a can?"

"Kwaɗo ne, Baba."

Mataki na 4: Yabo, amma da awo

Can da la'asar zai fizgo 'yar karfasa wadda ba ta fi tafin hannu ba. Ka miƙe tsaye. Ka ce, "Kai, Baba, hannu bai manta ba!" Iyakarta ke nan. Kada ka ce ba ka taɓa ganin irinta ba, ƙarya ma tana da ma'auni.

Mataki na 5: Komawa gida

Ka ɗauki bokitinsa da naka, ka bi shi a baya. Matarka za ta tare ku a ƙofa, ta leƙa naka ta kwashe da dariya. "Au, yini guda, ko ƙaya babu?" Ka haɗiye. Da ma abin da aka je nema ke nan.

Mataki na 6: Abin da ya rage

Wannan ba naka ba ne, na tsoho ne. Zai jira ta shige da kifin, ya zauna a kan benci yana naɗe zarensa.

"Ɗana, idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Kwaɗo ba ya bugun ruwa da wutsiya."

Kafin ka buɗe baki, zai ci gaba.

"Na so in ga yadda kake jan babba, in gyara maka hannu. Sai ka ji tausayina." Zai miƙo maka sandar da ba ya bari kowa ya taɓa. "Ungo. Tun da har an fara sakar mini kifi, na gama."

Gargaɗi

Ni alkawarin bokiti wayam na yi, kuma na cika. In daga ranar tsoho ya daina zuwa kogi, matarka tana tambayarka abin da ka yi wa babanta, kada ka nemi gidana. Ban taɓa cewa ana ruɗin masunci a bakin ruwa ba. Ka je ka durƙusa, ka roƙe shi ku koma kogi tare, kuma wannan karon ka sa tanar.