Masaukin da Na Zaɓa wa Inna

Abubuwa da yawa na samartakata sun fice mini a kai, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na zaɓa wa surukata masauki ba. Zamanin mulkin soja ne, shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya juya mana kai. Abokan aikina suka sayi babura da rediyo mai kaset. Ni kuwa, da yake wayona ya fi na kowa a Sakkwato, sai na sayi mota mai ɗaki a hannun wani Bature injiniyan hanya da zai koma ƙasarsu.

Mota ce da gado a ciki, da risho, da ɗan tebur mai naɗewa, har da labule. A baya akwai tsani na hawa rufinta. Ranar da na kai ta unguwarmu Mabera, har tsofaffi sai da suka leƙo. Kafin Baturen ya tafi ya koya mini yadda ake zaɓar wurin tsayawa: a sami ƙasa mai tauri, da inuwa, kusa da ruwa, kuma nesa da mutane. Na haddace wannan karatu kamar za a yi mini jarrabawa (ban tsaya na tuna cewa mutumin nan ba shi da suruka a ƙasar Hausa ba).

A lokacin Inna, mahaifiyar matata Luba, ta gama takaba ta dawo wurinmu. Ta rame, ba ta son magana. Wata rana ta ce wa Luba tana marmarin ganin garinsu, wani gari a bakin tafki arewa da Sakkwato, inda ta daɗe ba ta taka ba. Nan take na ce ni zan kai ta.

Ina da dalilina. Lokacin da na nemi auren Luba, yayan Inna, Kawu Sanda, ya ce ɗan boko ba shi da hankalin riƙe iyali. Inna ce ta tsaya mini har aka yi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, amma na san alherin da ta yi mini. Burina in shiga garin nan da ita cikin wannan mota, Kawu ya gani da idonsa cewa ƙanwarsa ba ta yi zaɓen banza ba.

Mun taso a makare, sai dab da magariba muka hango tafkin. Hanya ta rabu biyu, ɗaya ta shiga gari, ɗaya ta zagaya bayan ruwa zuwa wani tudu mai giginyu. Ina ganin tudun na ji karatun Bature ya faɗo mini. Ƙasa mai tauri, inuwa, ruwa, ba kowa.

Luba ta yi ƙasa da murya ta ce, "Maigida, mu shiga gari mana. Akwai fili ƙofar gidan Kawu, ga zaure inda za ka kwana."

Na ce, "Haba Luba, mu shiga da duhu, wa zai ga motar? Gobe da hantsi mu shiga fes."

Inna tana baya ba ta ce komai ba. Ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin yarda, alhali ko wuta na nufa da motar ba za ta buɗe baki a gabana ba.

Sai da na kashe mota lissafi ya fara warware mini. Ɗakin nan guda ɗaya ne. Luba ta dafa shinkafa, ƙamshi ya cika wuri, Inna ta ƙi ci don ina nan, ni ma na ƙi ci don tana nan. Na ɗauki buta na yi nisa kamar mai wani uzuri don ta samu ta ci, na dawo na ce ai ni a ƙoshe nake (cikina kuwa yana ta ƙugi, ina tari don in rufe masa asiri). Da aka zo maganar kwanciya, ba sai an gaya mini ba. Na bi tsani na hau rufin mota da 'yar tabarmata.

Baturen bai gaya mini komai game da sauron bakin tafki ba. Na cire riga saboda zafi, suka ce bismilla. Luba ta miƙo mini zanenta ta taga na lulluɓa har ƙafa, ta ƙara mini da ɗankwali na ɗaure kunnuwana saboda kukansu. Ban runtsa ba sai da na yi sallar asuba na koma sama, barci ya yi awon gaba da ni.

Ashe da sassafe wani masunci ya ga Inna tana alwala a bakin ruwa, ya gane ta, ya tuƙa kwalekwalensa ya kai labari gari. Ku tuna, a wurin mutanenmu 'yar gari ta zo ta kwana a daji, ma'anarsa ba ta da dangi, ko kuwa tana fushi da su. Ga ta kuma ba ta daɗe da fita takaba ba.

Hayaniya ce ta tashe ni. Ta ƙasan zane na leƙa, na ga dattawa da mata da rabin gari sun kewaye mota, Kawu Sanda a gaba da sandarsa. Na lafe, na ce bari in yi kamar kaya. Sai na ji muryarsa:

"Innalillahi! Ku duba min! Ƙanwata ta anka aza bisa mota awa buhun gero? Tsohuwa, mai takaba jiya-jiya? Ku sauko min da ita!"

Kafin in yi wani tunani, samari biyu sun hau tsani, suna cewa, "Sannu Inna, sannu, kama hannuna." Suka yaye zanen a hankali cikin ladabi.

Na miƙe zaune. Singileti, gajeren wando, ɗankwali mai furanni a ka, fuska ta kumbura da cizon sauro. Kawu, wanda rabonsa da ni tun ranar ɗaurin aure ina cikin babbar riga, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wanga shi na mijin Luba? Shi na ma'aikacin gwamnatin?" Wata mata ta fashe da dariya, sauran suka bi. Wallahi na so rufin motar nan ya tsage in faɗa ciki, sai na tuna wadda ke cikin.

Dariyar ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Ƙofa ta buɗe, Inna ta fito, Kawu ya juya kanta. "Kin gani ko? Mi nic ce miki tun farko? Ga gidanmu, ga danginki, yaro ya aje ki cikin daji awa marar kowa."

Inna ta gyara mayafinta. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana ba sai ranar. Ta ce, "Yaya, ni nic ce a tsaya nan. Wurin ga na marigayi yaf fara ganina ina wanki, ina so in kwana in ji ruwan. Yaron ga bai musa min ba. Ya bar min gadonai, ya kwana waje sauro na ci nai. Ɗan da ni haifa ma sai haka."

Kawu ya share ido da bakin rawaninsa. Sannan ya ɗago ya ce mini, "To sauko, ɗana. Amma ka tuɓe kallabin tukuna."

Da hantsi muka shiga gari kamar yadda na tsara, sai dai ba wanda ya kalli motar, ni ake kallo. A zauren Kawu na shanye ƙwaryar fura ban ɗago kai ba.

A hanyar komawa, da muka tsaya shan mai Inna tana barci, na ce wa Luba, "Kin ga ikon Allah, ashe wurin da na zaɓa yana da tarihi." Ta kalle ni ta ce, "Wane tarihi? Mawankar garin tana can ɗaya gefen. Inna ba ta taɓa taka tudun nan ba sai jiya."

Inna ta rasu ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma kunya ba ta bar ni na yi mata godiya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Amma tun daga ranar, duk garin da na isa, ba na tambayar ina inuwa, ina ruwa. Tambayata ta farko ita ce, ina gidan Kawu?