Rasuwar Daffayar Hajiya a Bakin Tekun Yanbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar waya, ni Balarabe ɗan marigayi Malam Sanusi na unguwar Uhudu a Madina, nake sanar da dangi da maƙwabta da duk wanda ya taɓa miƙa mata tafin hannu, rasuwar daffayar gidanmu, wato na'urar ɗumama ɗaki, wadda aka fi sani da Jan-Ido. Ta cika ranar Litinin bayan Azahar, a garin Yanbu, tana da shekara talatin da huɗu. Ta rasu a bakin aiki, a garin da babu mai buƙatar aikinta.

Marigayiya ta shigo gidanmu a kafaɗar mahaifina, shekarar da sanyi ya daskarar da man zaitun a kwalba. Mazauninta gaban gwiwoyin mahaifiyata, Hajiya Ƙaltume, taku biyu, ba ƙari ba ragi. Ba ta da yawan magana. In an kunna ta sai ta ce "tsiiii," ta yi shiru kamar mai nazari, ta ce "ƙas," sannan ta yi ja. Sandan wuta biyu gare ta. Na sama ya daina aiki tun ina da gashi a tsakiyar kai, amma ba ta taɓa kai ƙara ba. Ta busar da safar jikoki goma sha ɗaya, ta farfaɗo da shayin da aka manta, ta ƙona gefen darduma sau ɗaya tak, aka yafe mata. A igiyarta akwai ɗauri uku na baƙin tef da mahaifina ya naɗa da hannunsa, waɗanda Hajiya ba ta yarda ko a taɓa.

Aibinta ɗaya, in aibi ne: 'yar tsohon zamani ce, wutar ɗari da goma take ci. Da aka mayar da wutar gidanmu ɗari biyu da ashirin, sai aka haɗa ta da muhawwil, wani baƙin ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa da ke rage mata wuta kafin ta iso gare ta. Shekara goma sha biyu suna tare, ba wanda ya taɓa jin kansu.

Jinyarta ta fara ne daga gwiwata. Sanyin bana ya shige ni, sai abokina Issoufou mai gyaran wuta ya ce, "Kai Balarabe, me ya haɗa ka da sanyin Madina? Gangara Yanbu mako guda. Can sanyi labarinsa kawai suke ji." Ya samo mini masaukin haɗaka mai sauƙi, ɗaki ɗaya, gado takwas, wani bisa wani. Aka yi dace Hajiya ta tafi unguwar Al-Ranuna kwana goma, gidan ƙanwata Ruƙayya da ta haihu. Ni kuwa mai shekara hamsin da uku ba na karɓar hasashen yanayi daga bakin mai gyaran wuta. Na naɗe Jan-Ido a bargo na cusa a jaka. Na ɗaga muhawwil, na ji nauyinsa, na mayar da shi ƙarƙashin gado. Haka na fita da baiwar Allah tafiyar kilomita ɗari biyu da ɗoriya, ba muharrami, ba sanin uwar ɗakinta.

Issoufou bai yi ƙarya ba. A waje rana ce tas, teku shuɗi, mutane na yawo da riga mai gajeren hannu. Matsalar cikin ɗaki take. Abokan kwanana Turawa ne bakwai masu nutso, sun gudo daga ƙasar da ƙanƙara ke toshe ƙofa, sun zo kallon kifi. A wurinsu bazara aka shiga. Babbansu, wani ƙato mai jan gemu da ke gadon samana, ya ajiye na'urar sanyaya ɗaki a kan digiri sha shida, ya sa rimot a aljihun gajeren wandonsa, ko teku za shi da shi yake tafiya. Na tsaya gabansa na nuna masa haƙorana suna kaɗawa. Ya ɗauka murmushi ne, ya mayar mini.

Kwana uku ina cikin bargo. Teku ta taga na gan shi. A na huɗu na ce ai ba ni kaɗai na zo garin nan ba.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ce: marigayiya ta ƙi. Filoginta ƙafa biyu ne, soket ɗin masaukin ido uku. Sau uku ina turawa tana turjewa. Na ɗauka kunyar baƙunta ce. Sai na ari adafta, irin wadda ke shiga kowane soket na duniya, a wurin mai jan gemun. Ya ba ni da fara'a.

Ta ce "tsiiii," kuma a karon farko a rayuwarta ba ta tsaya nazari ba. Ta wuce ja, ta kai fari fat. Sandan saman nan da ya mutu tuntuni ya tashi yana haske. Daƙiƙa tara na ga Jan-Ido yadda mahaifina ya gan ta a kanti. Har na fara miƙa hannu. Sai ta ce "tau!" Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Wutar masaukin gaba ɗaya ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta yi shiru. Ta tafi, amma da abokiyar gabarta ta tafi.

Mai kula da masaukin ya shigo yana kaɗa hayaƙi, ya juya ta ya karanta bayanta. "Ya ammi, miya wa ashara!" Wato kawu, ɗari da goma ce. Ya tambaye ni ko daga gidan tarihi na ɗauko ta. Na ce daga ɗakin uwata. Ya dube ni ya ce da gidan tarihin ne da sauƙi.

Na rungume ta na fita, na zauna a kan rairayi. Rana ta sauka a gwiwata, ɗumi mai daɗi, kyauta, taku ashirin daga gadon da na yi kwana uku ina karkarwa. A nan na kira Issoufou ta bidiyo.

"Juya ta," ya ce. "Shinshina. Me ka ji?"

"Ƙauri."

"Sai haƙuri. Ina muhawwil?"

"Yana gida."

Ya dafe goshi. Can ya ce, "To kai ma sai haƙuri."

Marigayiya ta bar abokin zamanta muhawwil, wanda har yanzu yake ƙarƙashin gado yana jiran ta dawo daga unguwa. Ta bar bargo, da dardumar da ta ƙona, da kyanwar maƙwabta mai zuwa ziyara duk Janairu. Ta bar gwiwoyi biyu masu shekara saba'in da tara, a tsakiyar sanyin Madina. Na sayi sabuwa mai rimot da fitila shuɗiya, amma ko "ƙas" ba ta iya faɗi ba, kuma ba na jin za a karɓe ta a gidan.

Niyyata a da in isa gida kafin Hajiya, in zauna in tsara yadda zan faɗa mata. Ina cikin rubuta wannan sanarwa Ruƙayya ta aiko da saƙon murya. Hajiya ta koma gida tun jiya, saboda ta ce daffayar gidan Ruƙayya iska kawai take hurawa. Ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga muhawwil shi kaɗai. Ba ta tambayi komai ba. Abin da ta ce kawai: "Ki ce wa yayanki, ko me ya faru, ya taho mini da igiyar. Sauran magana sai ya zo."

Igiyar tana nan, da ɗaurinta uku. Wuta ba ta taɓa su ba. Na naɗe ta daban na sa a aljihun gaba.

Gawa za ta iso Madina a motar haya ranar Alhamis bayan La'asar, daga nan a wuce da ita gida Uhudu. Issoufou ne zai ɗauke ta, tunda shi ya ce a je Yanbu. Ana roƙon dattawan unguwa, musamman waɗanda Hajiya ke jin nauyinsu, su riga mu isa su zauna kusa da ita. Jaririn Ruƙayya a ɗora mata shi a cinya, don hannuwanta biyu su kasance da aiki. Kowa ya zo da rigar sanyinsa, ɗakin ba kamar yadda kuka saba ba. Ni za a same ni a baya, kusa da ƙofa, da takalmi a ƙafa.

Waɗanda ke nesa kada su yi gaggawar aiko da ta'aziyya. Su dakata zuwa Juma'a, mai yiwuwa a haɗa biyu.