Kwana Talatin da Uku a Kan Ƙwan Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da daminar bara waccan ba, kuma ko na so in manta, matan layinmu ba za su bar ni ba. Har yau in na fito zubar da toka sai wata ta leƙo ta kan danga ta ce, "Mai Zabi, an ƙyanƙyashe kuwa?" Ni kuma in ce mata, "Ana nan ana kwanci." To tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har da ƙarin gishiri, bari ni ma in rubuta shi da hannuna. Ba don ado na yi shekara uku ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci ba.

Ni mace ce mai sanyin magana. In aka taka ni, sau da yawa ni ke cewa sannu. Iyayena suna cikin waɗanda ruwan Tiga ya tayar daga garinsu, a gidan kamun kifi na tashi, aure ne ya kawo ni wani ƙauye kusa da Kafin Maiyaki, cikin manoma. Yayar maigidana, Yaya Tabawa, ta fi shekara ashirin tana yi mini waƙa guda: "'Yar masunta, me kika sani a kiwo? Abin da ba ya iyo ai ba naku ba ne." Akuyata ta yi zawo, 'yar masunta. Shaho ya ɗauki tsako, 'yar masunta. Ni dai sai in ce, "Haka ne, Yaya." (Ba haka ba ne. Kajina sun fi nata ƙiba, kowa ya sani.) Abu ɗaya ta fi ni da shi, tana da zabi, ni ban taɓa yi ba. Kuma a wurinta duk macen da ba ta raya 'yan zabi ba, wasa take yi ba kiwo ba.

A farkon daminar nan na je Tudun Wada gidan surukan 'yata, don a tsayar da ranar da za ta dawo gida haihuwa. (Ita ce ta fari, saboda haka ba za ku ji sunanta a bakina ba.) Uwar mijinta, Hajiya, mace ce mai kirki da hannun kyauta. Ta shimfiɗa mini tabarma a rumfa, ta kawo shinkafa da wake da man ƙuli, muka shiga irin hirar nan ta surukai wadda kowa ke taka tsantsan.

"Ya zafi a wajenku?"

"Zafi lokacinsa ne, Hajiya. Ruwa biyu aka yi mana ya ɗauke."

"Mu ma haka. Jiya hadari ya haɗu har mun kwashe shanya, iska ta zo ta tafi da shi."

Daga zafi muka koma kan tsadar tumatir, daga nan kan kyanwarta da ta haihu a cikin kwandon kaya, daga nan kan kaji. Na ba ta labarin kazata Wake-wake, wadda a lokacin ta fara kumbura gashi tana neman kwanci. Muna cikin haka zabinta suka shigo tsakar gida suna ihu. Na ce, "Masha Allahu, Hajiya, zabin nan sun burge ni." Ta ce, "Sun fara ƙwai, har mun rasa yadda za mu yi da shi." Iyakar maganar ke nan. Allah ne shaida, ko kalma ɗaya ba a ƙara ba.

Da na tashi tafiya ta miƙo mini samira ɗaure cikin ɗankwali, ta ce, "Ga wannan, ba yawa." Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Wa zai buɗe kyautar suruka a gabanta, balle ya tambayi mene ne? Sai da na shiga mota na ɗaga murfin. Ƙwan zabi, guda goma sha biyu, da ɗuminsu.

Ku da kuke karantawa kun riga kun fara murmushi, na sani. To ku tsaya. Mace ta gaya wa surukarta kazarta tana neman kwanci, bayan awa biyu surukar ta ba ta ƙwan zabi. Me kuke so ta ɗauka? Kowa ya san zabuwa ba ta iya reno ba, kaza ake sa wa ƙwanta ta kwanta a kai. Ɗumin kuwa na ce daga gurbi aka kwaso su yanzu. Na rungume samirar nan, zuciyata fal, ina ganin fuskar Yaya Tabawa.

A Kafin Maiyaki na hau mashin, na ce wa mai mashin, "Malam, don Allah a hankali, rayuka ne a cinyata." Bawan Allah ya dinga kauce wa ramuka kamar ya ɗauko mai naƙuda.

Da na isa gida ina jera ƙwan a akurki, sai na ga wani ɗan ƙulli a gindin samirar. Na kwance, yaji ne da gishiri. Na ce, Allah sarki Hajiya, har da yaji ta haɗo mini. Washegari na barbaɗa shi a dambu. (Wannan wurin kam ba ni da abin cewa. Ku yi dariyarku, ina jira.)

Malam, maigidana, ya leƙo ya ce, "Ki dafa mana biyu mana."

Na ce, "Haba Malam, zabi biyu za ka cinye a zaune ɗaya?"

Ya ce to Allah ya raya. Da ya matsa da ya cece ni, amma shi ma irina ne, ba ya ja.

Wake-wake ta hau ƙwan nan ta baje fikafikai. Da yamma Yaya Tabawa ta shigo aron rariya, ni da ban taɓa cika baki ba sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, nan da wata guda za ki ji kukan zabi a gidan nan." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Za mu gani, 'yar masunta." Kafin magariba layi duka ya ji.

Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce kowace mace ta dinga rubuta ko layi ɗaya ne kullum don hannu ya saba. Ni sai na mai da littafina na Wake-wake. "Yau kwana ɗaya. Ta ci dawa kaɗan." "Yau kwana tara. An yi ruwa, na rufa mata buhu." "Yau kwana sha huɗu. Ta tsattsage ni a hannu." Malama har ta ɗaga littafin a aji ta ce a yi koyi da ni.

Wajen kwana sha biyar wani wari ya fara tashi a bayan ɗaki. Na ce ɓera ne ya mutu. Muka ɗaga buhuna, muka janye turmi, Malam har ya hau katanga ya leƙa bayan gida. Ba ɓera. Na ce to ɗaya ne ya yi baragurbi a ciki, kowane kwanci ai ana samun haka. Na ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya a rana ina dubawa, ban ga komai ba, na ce ɓawon ƙwan zabi kauri gare shi. Ko na girgiza ba ya motsi, na ce tsakon ne ya cika shi.

A tsakanin nan 'yata ta dawo gida. Da na ce mata ƙwan gidansu ne, da ta gaya mini gaskiya, don ashe a gabanta aka ɗora tukunyar. Amma ni da 'yar fari ai ba hira muke yi ba. Sannu, yauwa, ga kunu. Ranar kwana ashirin da shida ta sauka lafiya, namiji. 'Yan barka suna shigowa suna cewa, "Barka da arziki, saura na akurki."

Kwana ashirin da takwas ya zo ya wuce, shiru. Talatin, shiru. Wake-wake ta rame, ƙirjinta ya zama ƙashi, amma ko ta sauko ta sha ruwa da gudu take komawa. Yaya Tabawa kuwa ta bar tambayar mai jego, kullum sai, "Ya kwanci?" A nan ne Shaiɗan ya zauna mini a kunne. Na fara cewa a raina Hajiya tsohon ƙwai ta kwaso mini, wanda ta rasa yadda za ta yi da shi. Ai da bakinta ta faɗa. Ga kuma maganar Malama tana yi mini yawo a ka, cewa mace ta koyi buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta.

Ranar suna ita ce kwana talatin da uku. Aka tashi da ruwa, tsakar gida ta jiƙe, mata duka suka cunkushe a rumfar da ke jikin akurki. Hajiya ta iso da mutanenta daga Tudun Wada, aka ba su tabarmar gaba. Ana ta "Ya ruwa?" "Ruwa ya yi gyara," ana miƙa waina da kunun kanwa. Sai iska ta juyo. Na ga baƙi sun fara jan gefen mayafi suna kai wa hanci a fakaice.

Yaya Tabawa ba ta san a fakaice ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Ikon Allah! 'Yar masunta, zabin naki ne suka iso, ko kifin garinku aka kawo mana?"

Aka yi dariya. Shekara ashirin ina cewa haka ne Yaya, ranar sai maganar ta ƙi fitowa. Na miƙe na shiga ɗaki na ɗauko littafina. Na dawo na durƙusa gaban Hajiya, murya ƙasa-ƙasa yadda na saba, amma rumfar ta yi tsit har kowa yana ji.

"Hajiya, ki gafarce ni, ba raini ba ne. Ƙwan nan da kika ba ni, yau kwanansa talatin da uku a ƙarƙashin kaza. Ga shi a rubuce, ban tsallake rana ba. Ni dai na yi nawa. In tsoho ne, da an gaya mini."

Hajiya ta ajiye ludayin kununta. Ta ce, "Wane ƙwai, 'yar'uwa?"

"Na samira."

Ta dube ni, ta dubi akurkin, ta sake dubana. Ta dafe ƙirji. Ta so ta yi maganar a hankali, Allah ya saka mata, amma mamaki bai bar ta ba.

"Innalillahi. 'Yar'uwa, ai dafaffe ne! Guzurin hanya na yi miki. Ba ki ga yajin ba?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Na gani." Ta ce, "To?" Na ce, "Na ci da dambu."

Kafin in rufe baki Yaya Tabawa ta kai hannu akurki. Wake-wake ta sakar mata baki har sau biyu (Allah ya yi wa kazar nan albarka), amma sai da ta zaro ɗaya. Ta ƙwanƙwasa shi a bakin turmi, ta ɓare ɓawon tas, ga abu nan dunƙule, kore-kore, warinsa ya kori na kusa. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Jama'a, barka! An samu zabo, sai dai a kawo gishiri!"

Wata ta rangaɗa guɗa. Wata ta ƙware da kunu. Har mai jego ina jin dariyarta daga ɗaki tana cewa wayyo cikina. Yaya Tabawa ta fizge littafina wai za ta karanta wa mutane, ta riƙe shi a juye, don ita ba ta taɓa zuwa ajin ba.

Da na ga dai ƙasa ba za ta tsage ba, sai na miƙe, na karɓi littafina, na juya mata shi daidai na mayar mata a hannu. Na ce, "Ta nan ake farawa, Yaya." Sannan na dubi mata na ce, "Ku yi dariya, ya cancanta. Amma ni da kazar nan kwana talatin da uku ba mu tashi daga kan abin da aka ba mu amana ba. A ba mu ɗanye a gani." Na ɗauko Wake-wake, ba ta fi nauyin faifai ba, na zuba mata tsakin masara a gaban kowa, na koma rabon waina.

Da za su tafi na bi Hajiya har zaure na ba ta haƙuri, don na zarge ta a gaban mutane kan alherin da ta yi mini. Wannan ce kunyar da ta fi ci mini rai, ba dariyar ba. Ta riƙe hannuna tana cewa ita ce da laifi, ni ina cewa ni ce, har direbansu ya gaji ya yi mana ham.

Da damina ta zagayo Hajiya ta aiko mini da wasu sha biyu a ƙwarya cikin dusa, da takarda a sama an rubuta da manyan baƙaƙe: ƊANYE. Wake-wake ta sake hawa, ba ta riƙe ni a zuciya ba. Tara suka fito, shida suka rayu. Suna nan, su ke tashin layinmu da asuba, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri kan ihunsu ba.

Abin da na koya? Haƙurina yana nan, ban fasa ba, sai dai yanzu kafin in zauna a kan abu ina tambaya tukuna. Ko a kasuwa, ko gaban wa, sai in ce, "Ɗanye ne ko dafaffe?" In an yi dariya in sake tambaya.

Bana zabina suka fara ƙwai. Na zaɓi goma masu kyau na sa a samira, na ajiye su a rana suka ɗan yi ɗumi, na ƙulla yaji da gishiri na sa a gindi, na kai wa Yaya Tabawa da kaina. Na ce, "Ga wannan, Yaya, ba yawa." Tana zaune da sabon zaninta na zuwa biki. Ina kaiwa zaure na ji ƙwas a bakin kujera, sannan na ji salati.

Ba ta tambaya ba. Da ta tambaya ai da na gaya mata.