Yadda Za Ka Zama Masanin Naman Kaza Mai Ruwan Zuma Ba Tare da Ka Ɗanɗana Ba

Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin damina ta ɗauke duk unguwar Daɗin Kowa za a san da zamanka.

1. Nemi kututture

In ruwa ya tsagaita, zagaya bayan gida inda aka sare itacen turare. Za ka tarar da naman kaza ya fito cunkus, launinsa kamar zuma. Kada ka taɓa. Goya hannu a baya, ka daɗe kana gyaɗa kai. Masani ba ya gaggawa.

2. Raba su iri-iri

Mai zobe a wuya iri ɗaya ne, marar zobe wani irin. Ɓare ɓawon itacen, in ka ga baƙin zare kamar igiyar takalmi, ka yi gyaran murya. Wanda ya shige maka duhu, ka ce ƙanin wancan ne.

3. Kame bakinka

Maƙwabcinka Pwajok zai leƙo ta katanga ya ce, "Oga, wannan ana ci?" Ka ce, "Ya danganta." Amma na san halinka. Da matarka Suwaiba ta tambaya, za ka bugi ƙirji ka ce, "Wannan ai a Turai sai manya ke ci."

4. Fake da kunya

Ranar da mahaifinta, Malam Haladu, ya zo daga Dutse Uku, da naman kazan nan za ta yi masa miya, don ya san 'yarsa ta auri mai ilimi. Kada ka firgita, ba a cin abinci gaban suruki. Gaishe shi ka fice. Tsaya bakin ƙofa kana kasa kunne, don ka san in cikin tsohon nan ya ƙulle, aurenka ya ƙare.

5. Karɓi kwanon

Suwaiba za ta fito da miyar ba a taɓa ba, ta ce, "Baba ya ce shi bai san ta ba, masani ya fara. Wai ka hanzarta, tuwonsa na hucewa." Pwajok na nan bisa katanga yana kallo. Wanke hannunka da kyau, ka yi bisimilla da ƙarfi.

Abin da ya biyo baya kuma babu ruwana, kada a aiko mini daga asibiti. Ni rarrabewa na koya maka, ban koya maka haɗiya ba.