Nomau da Saƙon Hajiya Rumasa'u

A Unguwar Kanya akwai wani bawan Allah, Nomau. Gidansa shi ne da matarsa Tasalla da awaki goma sha ɗaya, kuma duk gidan shi kaɗai ne ba ya tambayar dalili. Abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi, sai dai ƙari.

Tasalla tana da wata manhaja a waya mai tuna mata ranar rigakafin awaki. 'Yan sa-kai ne suka haɗa ta kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, suna tattaunawa a wani zaure na intanet. Shugabarsu Hajiya Rumasa'u ce ta Zariya, ita ke duba kowane gyara kafin ya shiga. Kowa ya san ta gaji, kuma duk ranar da ta tafi, manhajar ta mutu. Aka ɗauki Nomau aikin gwaji, don duk abin da ya rikita shi zai rikita wani.

Wata rana manhajar ta ƙi buɗewa, Nomau ya rubuta a zaure: "Abinku ya lalace." Hajiya ta ce, "Malam Nomau, a riƙa gaida mutane kafin a kawo ƙorafi." Washegari ya zauna gindin darbejiya ya gaida mutum arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya, da iyalansu, da gajiya, da ruwan sama, har da wani Bature da bai san ko a garinsu ana damina ba. Ya gama, ya yi sallama. Hajiya ta ce, "To, ina matsalar?" Ya ce, "Wallahi ta shige min a wajen mutum na talatin."

Wata rana kuma aka ce masa duk wanda ya turo wani abu a gode masa, don ba biyan kowa ake yi ba. Ashe akwai wata na'ura da ke turo saƙo da kanta duk lokacin da aka taɓa manhajar. Ta turo, Nomau ya gode. Ta sake turowa, ya sake godewa, har da addu'ar Allah Ya raya zuri'a. Tuwo ya huce, awaki na kuka. Tasalla ta ce, "Malam, da wa kake ta fama tun hantsi?" Ya ce, "Wani mutum ne mai ƙwazo, sai dai ba ya amsa gaisuwa." Ranar saƙo ɗari biyu suka cika wayoyin jama'a, Hajiya ta kwana da ciwon kai.

Ganin haka, mataimakinta Malam Haladu ya ba shi aikin da yake zaton ba yadda za a yi ya ɓata shi. Ya ce, "Duk matsalar da aka kawo zaure, ka tambayi mai ita yaushe ta fara, kuma me ke jawo ta. Sai ka miƙa gyaran ga wanda ya taɓa wurin a ƙarshe. Kada ka rufe maganar sai mai ita ya ce ta gyaru."

Wata rana wani gwanin shirya manhaja mai kaifin baki, Sabi'u, ya turo gyara, Hajiya ta ce a sake dubawa. Ya rubuta a gaban kowa cewa wanda bai iya ba ya ba wasu wuri. Bayan la'asar Hajiya ta buɗe sabon batu a zaure, irin wanda ake kawo matsala da shi, layi ɗaya: "Na ajiye aikin nan." Kowa ya gani, kowa na jiran wani ya fara magana.

Nomau ya ga sabon batu, ya gyara zama. Ya rubuta: "Hajiya, yaushe matsalar ta fara? Me ke jawo ta?"

Malam Haladu ya dafe kai, ya yi ta kiran wayar Nomau ba ta shiga. Ita kuwa Hajiya ta daɗe tana kallon tambayoyin, don shekara huɗu ba wanda ya taɓa yi mata su. Sai ta amsa. Ta ce abin ya fara tun bara waccan. Ita kaɗai ke amsa saƙonni, ranar sunan jikarta ma gyara take yi, kuma in ta yi daidai shiru, in ta kuskure zagi.

Nomau ya duba wanda ya taɓa wurin a ƙarshe, ya rubuta: "Malam Sabi'u, gyaran naka ne."

Kunya ta kama Sabi'u. Ya ba da haƙuri a inda ya yi zagin, ya ce shi zai riƙa duba rabin gyare-gyaren. Wata ta ɗauki amsa saƙonni, wani ya ɗauki Asabar da Lahadi. Kullum da safe Nomau sai ya tambaya, "Hajiya, ta gyaru?" A rana ta biyar ta ce, "Ta gyaru, Malam Nomau. Rufe."

Ya rufe. Malam Haladu ya yi ajiyar zuciya, Tasalla ta yi guɗa da ta ji labari. Nomau ya aje waya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma Tasalla, ni har yanzu ban gano wane maɓalli ne ya lalace ba."